Ina son fara ɗan lambu a gida kafin damina ta sauka, ta ina zan faro?

Uwargida a Kano:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar lambu. Akwai ɗan fili a bayan ɗakin girkinmu, tsawonsa zai kai mita 4, faɗinsa mita 3. Ƙasa ce ba siminti ba, amma ta taurare, kuma akwai ɓaraguzan bulo a ciki tun na lokacin gini. Rana tana dukan wurin daga hantsi har la'asar. Ruwa kuwa a wajen 'yan garuwa muke saye. Yanzu muna farkon Afrilu. Ina son tumatir, attaruhu, alayyafo, latas, na'ana'a da ko bishiya ɗaya ta kayan marmari. Wanne zan fara da shi yanzu, wanne zai jira? Kuma a ƙasa ya fi ko a buhu? Allah ya saka da alheri.

Malamin Gona:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a zo kan buhu ko ƙasa, sai an raba jerin nan naki gida biyu, domin rabinsa ba na wannan lokaci ba ne. Tumatir, latas, karas da kabeji kayan sanyi ne a wajenmu. Shi ya sa 'yan lambun Kadawa da Kura suke zuba renon tumatir wajen Satumba da Oktoba, su yi dashe da shigowar sanyi, kasuwa ta cika da shi daga Janairu zuwa Maris. A Afrilu zafin Kano yana taɓa maki 40 da rana, dare ma ba ya hucewa sosai. Tumatir kuwa da zarar zafi ya haura maki 35 furensa yake bushewa ya zube bai ɗaura ɗa ba. Latas kuma ya miƙe ya fitar da kai, ganyen ya yi ɗaci. Ruwan da kika saya da kuɗi ne zai tafi a banza.

Masu jure bazara su ne alayyafo, lalo, yakuwa, rama, kuɓewa, gauta da zogale. Attaruhu kuma renonsa ake yi yanzu a inuwa, a dasa shi idan ruwa ya zauna.

Babban aikin watan nan dai gyaran ƙasa ne. A jiƙa wurin da yamma ya kwana, da safe a sa garma ko diga a kafce shi zurfin santimita 30. A tsince ɓaraguzan nan kaf, har ƙananan. Ba tsare saiwa kaɗai suke yi ba, simintin da ke jikinsu yana canza ƙasar ta yadda shuka ba ta iya zuƙar wasu sinadaran da take buƙata, sai ki ga sabon ganye ya fito rawaya, jijiyoyinsa kore, alhali an sa taki.

Ki fitar da fangali biyu, kowanne faɗin mita 1, tsawon mita 3 da rabi, da hanya a tsakiya mai faɗin santimita 50. Kada faɗin fangali ya wuce mita 1, don hannu ya kai tsakiyarsa ba sai an taka ba. Taku shi ke mayar da ƙasa yadda kika same ta. Kuma ki ɗaga kai ki duba inda indararo da bakin kwano suke zubar da ruwa, kada fangali ya faɗo a ƙarƙashinsu. Ruwan sama ɗaya mai ƙarfi zai tone shukar ya watsar.

Taki kuwa, ruɓaɓɓen kashin shanu ko na awaki, rabin babban bokitin fenti mai lita 20 ga kowace murabba'in mita, a cuɗa shi da ƙasar sama. Idan kashin kaji ne, rabin wannan ya isa, don ya fi zafi. A nan mafi yawan masu farawa suke yin asara, su kwaso ɗanyen taki daga turke su zuba su yi shuka washegari. Ɗanyen taki yana ci gaba da dahuwa a cikin ƙasa, ya ƙone saiwa, ya jawo gara da gwazarma, ya kuma kawo irin ciyawa. Idan ɗanye kika samu, ki tara shi gefe, ki yayyafa masa ruwa, ki rufe da tsohon buhu, a riƙa juya shi duk mako biyu. A wannan zafin mako 4 zuwa 6 ya ishe shi. Alamar ya nuna ita ce ya yi baƙi-baƙi, yana marmashewa a hannu, warin fitsari ya tafi, kuma idan kin cusa hannu a tsakiyar tarin ba ki jin ɗumi.

Tun da ruwan saye ne, fangali ɗaya kaɗai za ki shuka yanzu. Ɗayan ki bar wa rana ta yi miki aiki a kai. A jiƙa shi sharkaf, a shimfiɗa masa farar leda mai nuna abin da ke ƙarƙashinta, a binne gefunanta da ƙasa yadda iska ba za ta shiga ba, a bar shi mako 4 zuwa 6. Zafin da ke taruwa a ƙarƙashin ledar yana kashe irin ciyawa da yawancin ƙananan tsutsotsin da ke kumbura saiwa a ƙasar sama. A can za ki dasa attaruhu da gauta a Yuni.

Ɗan Lambu daga Kura:

Malam ya gama magana kan ƙasa. Bari in ɗora da shukar kanta.

A bazara fangali mai zurfi ake yi, wato cikinsa ya ɗan faɗa ƙasa, a yi masa baki kewaye don ya riƙe ruwa. Amma Hajiya ki sani, kafin Agusta sai an juya lamarin, a ɗaga shi ya zama tudu kamar santimita 15 zuwa 20, a buɗe wa ruwa hanyar fita ta rariya. Wanda zai karɓi attaruhu tun farko a ɗage za a yi shi.

Alayyafo shi ne na farko, don cikin kwana 25 zuwa 30 za ki sa shi a tukunya. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, rabin cokalin shayi ya ishi murabba'in mita ɗaya. Ki haɗa shi da busasshen yashi ninki goma, ki ja layuka da yatsa tazarar santimita 20, ki barbaɗa, ki shafa ƙasa kaɗan a kai. Idan ya nutse da yawa ba zai fito ba. Ki rufe da busasshiyar ciyawa, ki ba da ruwa ta saman ciyawar da gwangwanin da aka huda gindinsa da ƙusa, kada a kwara da bokiti. Kwana 3 zuwa 5 zai tsiro, kuma ranar da kika ga tsiro ranar za ki ɗage ciyawar. In ta ƙara kwana biyu a kai, tsiron zai yi tsawo siriri fari ya kwanta. Bayan mako biyu ki rage shi, ya zama akwai faɗin tafin hannu tsakanin wannan da wancan. Idan yanka za ki riƙa yi maimakon tugewa, ki bar santimita 15 daga ƙasa, zai sake tofowa sau biyu ko uku. Kada ki shuka fangalin duka rana ɗaya. Mita ɗaya yau, wata mitar bayan mako biyu, don kada ya nuna miki gaba ɗaya ki rasa yadda za ki yi da shi.

Lalo yana da taurin kai wajen tsirowa saboda ɓawon irin. Ki ƙulle irin a ƙyalle, ki tsoma a ruwan da aka sauke daga tafasa na daƙiƙa 10, ki ciro ki tsoma a ruwan sanyi, ki shanya a inuwa ya sha iska, ki shuka a ranar. Idan ba a yi haka ba, sai ya riƙa fitowa ɗai-ɗai har tsawon wata.

Kuɓewa a jiƙa irin ya kwana, wanda ya taso saman ruwa a zubar. Ƙwaya 2 ko 3 a rami, zurfin gaɓar yatsa ɗaya, santimita 60 tsakanin layi da layi, 40 tsakanin rami da rami. Idan sun yi mako biyu a bar mafi ƙarfi guda ɗaya. Ki nemi mai saurin yi, irin su Clemson ko NHAe 47-4 ta cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT, waɗanda ke fara 'ya'ya cikin kwana 50 zuwa 60. Akwai kuɓewar gida doguwa da za ta yi ta tsawo ba fure sai kaka ta gabato, to ita ba ta ƙaramin wuri ba ce. Idan ta fara, duk kwana biyu ake tsinka. Ɗa ɗaya ya tsufa a jiki, uwar za ta rage fure. Gindi 8 zuwa 10 sun ishi miyar gida.

Renon attaruhu kuma a tsohon baho ake yi, a huda gindinsa. Ƙasa kashi 2, ruɓaɓɓen taki kashi 1, yashi kashi 1, a tankaɗe. A sa irin zurfin santimita 1, a ajiye bahon inda ranar safe kaɗai ke samunsa. Yana da nawa, yakan yi kwana 10 har zuwa mako 3 kafin ya leƙo, kada ki ce irin ya mutu ki zubar. Idan ya yi ganye 5 ko 6, wato mako 6 zuwa 7, ya isa dashe. Mako guda kafin nan a riƙa fitar da shi rana a rage masa ruwa don ya yi ƙwari. Dashe da yamma ake yi, da ƙasar gindinsa, tazarar santimita 50 zuwa 60.

Kan tumatir ina da ɗan bambanci da Malam. Ana iya yinsa da damina, akwai irin da aka tsara don jure ciwon da ke sa shi yaushi farat ɗaya, kuma a buhu a ƙarƙashin rumfa yana yi. Sai dai irin yana da tsada, yana son sanda da ɗauri da feshi a kan kari. Ga mai farawa, na yarda, a bari sai Satumba a zuba irin tumatir UC82B ko Roma VF.

Tambayarki ta buhu: mai sayen ruwa ƙasa ta fi masa. Buhu yana shan zafi ta kowane gefe, a Afrilu sai an ba shi ruwa safe da yamma, kuma rana tana cinye buhun cikin 'yan watanni. Fangalinki ɗaya zai sha kamar jarka ɗaya a yini a wannan zafin, a raba ta biyu, da sassafe da bayan la'asar. Idan shukar ta tasa kika rufe tsakanin layuka da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa, abin da take sha zai ragu sosai. Ga kuɓewa da attaruhu akwai wata dabara: a binne tukunyar ƙasa marar fenti har wuya a tsakanin gindi huɗu, a cika ta da ruwa a rufe bakin. Ruwan yana tsattsafowa ta jikinta daidai inda saiwa take, sai a riƙa ƙarawa duk kwana biyu ko uku.

Uwargida a Kano:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na cire latas da tumatir sai sanyi. Saura abu uku. Kajin maƙwabta suna shigowa, ga ƙadangaru da yawa a katangar. Sannan ruwan wanke-wanke da na wanki zai yi ban ruwa? Bishiyar kuma na fi son mangwaro, ko wurin ya yi masa kaɗan?

Mai Renon Itatuwa:

Hajiya, mangwaro a mita 4 da 3 ba zai yiwu tare da lambu ba. Cikin shekara biyar inuwarsa za ta rufe wurin duka, kayan miya kuma suna son rana ta aƙalla awa 6. Ga saiwarsa kusa da ginin ɗaki da katanga. Abin da ya dace da wurinki gwanda ce da zogale, sai lemun tsami idan za ki sa shi a rabin duro.

Gwanda ita ce mai saurin biya, wata 9 zuwa 12 ki ci 'ya'yanta. Ki samu nunanniya mai zaƙi, ki ɗebi baƙaƙen 'ya'yan tsakiya, ki murje su da toka ko yashi har santsin nan da ke lulluɓe da su ya fita, domin shi ke hana su tsirowa. Ki shanya a inuwa kwana biyu, ki shuka a ledar reno yanzu. Za su fito cikin mako 2 zuwa 3, su isa dashe idan sun kai santimita 20 zuwa 30, daidai lokacin da damina ta kankama.

Abin lura shi ne gwanda tana da namiji da mace, kuma ba a gane su sai sun yi fure, wajen wata 4 zuwa 5. Don haka guda uku ake dasawa kusa da juna a wuri ɗaya. Namiji yana fitar da dogayen sillaye masu reto ɗauke da ƙananan furanni da yawa. Mace furenta babba ne, ɗaya ko biyu, manne da jikin itacen a hammatar ganye. Akwai kuma mata-maza, mai dogon fure siriri a jikin itace, ita ce mafi dacewa da gida don ba ta buƙatar kowa. Idan sun nuna kansu sai a bar guda ɗaya a sare sauran daga ƙasa, kada a tuge a girgiza saiwar wadda aka bari. Idan mace kika bari, sai in akwai namiji ko mata-maza a unguwa za ta riƙa ɗaura 'ya'ya sosai.

A kan tudu ake dasa ta, santimita 30 sama da ƙasa, nesa da katanga da mita ɗaya da rabi. Ba abin da ke kashe gwanda kamar kwanciyar ruwa. Kwana biyu gindinta a cikin ruwa a watan Agusta, sai ganye ya yi rawaya, gindin ya yi laushi, ta faɗi.

Zogale ki jera shi ta katangar yamma, ya tare wa fangali ranar la'asar. Ƙwaya biyu a rami, zurfin santimita 2, ko a kafa reshe mai tsawon mita ɗaya. Idan ya kai ƙugu a datse kansa, a riƙa maimaitawa, in ba haka ba zai zarce sama ganyen ya fi ƙarfin hannu.

Lemun tsami a sayi mai aure, wato wanda aka haɗa reshensa a kan gindin wani lemon, yana fara 'ya'ya cikin shekara 2 zuwa 3, na ƙwallo kuwa yakan kai biyar ko fiye. Ki duba gaɓar auren a jikinsa, dole ta zauna sama da ƙasa da kamar faɗin tafin hannu. Duk reshen da ya fito ƙasa da gaɓar a cire shi tun yana ƙarami, don na uwar gindin ne, in aka bar shi zai rinjayi na saman. A huda gindin duron da kyau, a ɗora shi kan bulo.

Na'ana'a ba sai kin nemi iri ba. Daga ƙullin da aka sayo a kasuwa ki zaɓi masu ƙwarin kara, tsawon yatsa da rabi, ki zage ganyen ƙasa, ki tsoma a kofin ruwa. Cikin mako ɗaya za ki ga fararen saiwoyi. Ita kam roba ko buhu za ki ba ta ita kaɗai, a inda rana ba ta wuce hantsi, domin a fangali yaɗuwa take ta ƙarƙashin ƙasa ta mamaye komai. Ɗoɗɗoya ma haka ake kafa ta, a riƙa tsinke kanta kafin ta yi fure.

Malama daga Samaru:

'Yar uwa, kan ruwa tukuna. Ruwan wanke shinkafa, na wanke ganye, na alwala da ɗaurayar ƙarshe ta kwanuka duk suna yi. Ruwan wanki mai omo ko bilic, da na wanke-wanke mai maiƙo da gishiri, kada su je wurin. Gishirin da ke cikinsu taruwa yake a ƙasa, ki ga fari-fari a saman fangali, bakin ganye yana ƙonewa. Kuma duk ruwan da aka riga aka yi amfani da shi a gindi ake zuba shi, ba a kan ganyen da za a ci ba.

Kaji sai shinge, na kara ko zana ko waya, tsayin ƙugu zuwa ƙirji, kuma kafin shuka ake kafa shi. Ƙadangaru ƙananan tsiro suke tsinkewa, musamman a bazara da ba wani kore a gari. Tsohon gidan sauro da aka wanke, a ɗora kan 'yan sanduna a danne gefensa da duwatsu, ya isa. Bayan mako uku shukar ta fi ƙarfinsu.

Sauran ƙwarin kuwa a bayan ganye suke zama, don haka ki saba da juya ganye ki duba duk bayan kwana biyu. Darɓa za ki gan ta cunkushe a kan sabon toho, ganyen yana danƙo, tururuwa na hawa da sauka. Farin ƙuda kuma tashi yake fuu idan an girgiza shukar, kuma shi ke ɗauko ciwon da ke nannaɗe ganyen attaruhu da tumatir. Gindin da ganyensa ya nannaɗe ya ƙanƙance ya daina girma ba ya warkewa, a tuge shi a fitar da shi daga gidan. A jikin kuɓewa da yakuwa akwai wasu ƙananan ƙwari masu tsalle da ke huda ganye kamar rariya, sun fi yin ɓarna lokacin da shukar take ƙarama.

Maganin gida mai aiki shi ne 'ya'yan darbejiya. A bushe su, a ɓare, a daka ƙwayar. Giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, wato rabin kilo a bokiti mai lita 10. A jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulun wanka kaɗan a ciki don ya kama ganye. Da yamma ake fesawa, har bayan ganyen, saboda rana tana kashe ƙarfinsa, kuma ba a ajiye ragowar. Ba ya kashe ƙwaro nan take, hana shi ci da hayayyafa yake yi, don haka sai an maimaita duk kwana 5 zuwa 7. A bar kwana biyu ko uku kafin a tsinki ganye, a wanke sosai saboda ɗaci.

Ina roƙonki, kada fiya-fiya ko maganin sauro ya kusanci abin da za a ci. Alayyafo kwana nawa ne gaba ɗaya, gubar ba ta gama fita ba ya shiga tukunya.

A bahon reno kuma, idan kika ga tsiro yana faɗuwa, gindinsa daidai bakin ƙasa ya tsuke ya yi ruwa-ruwa, yawan ruwa ne da cunkoso da rashin iska. A rage ban ruwa zuwa safiya kaɗai, a cire waɗanda suka kamu da ƙasar gindinsu, a rage cunkoson. Idan lokacin tumatir ya zo ki dawo a yi maganar sharon, tsutsar nan da ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016, don ita shirinta daban ne.

Malamin Gona:

Ƙari biyu Hajiya. Ruwan farko da zai sauka a Mayu kada ya ruɗe ki ki kwashe reno ki dasa. A Kano sau da yawa yakan yi sau ɗaya ko biyu ya ɗauke na mako biyu, zafi ya dawo. Ki jira sai an samu ruwa biyu ko uku a kusa da juna, ki tona ki ga laima ta kai zurfin tafin hannu, galibi daga tsakiyar Yuni. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen saukar damina na kowace jiha a farkon shekara, ana kuma karanta shi a rediyo.

Na biyu takin zamani. Idan takin gargajiya ya wadata, alayyafo da lalo ba sa buƙatarsa. Attaruhu, gauta da kuɓewa za su so ɗan ƙari: takin kamfa (NPK) 15-15-15 cikin murfin kwalbar lemo ɗaya ga kowane gindi, mako biyu zuwa uku bayan dashe ko tsirowa. A tona ɗan rami nesa da karan da faɗin yatsu huɗu, a zuba a rufe, a ba da ruwa. Idan ya taɓa karan zai ƙone shi. A maimaita sau ɗaya lokacin da fure ya fara. Yuriya kuwa a yi hankali da ita a kan attaruhu, in ta yi yawa ganye zai yi ta yi kore shar, fure yana zubewa. Idan kin ga haka, ki dakatar da taki gaba ɗaya, ki daidaita ban ruwa kada ƙasar ta riƙa bushewa ƙayau sannan a cika ta, furen da zai biyo baya zai kama.